A Saurari 'Yan Kallo, Amma Kada A Miƙa Musu Alƙalami

Duk daren da aka haska sabon kashi na wani shiri mai dogon zango, washegari ba a rasa abin hira a arewacin Najeriya. A teburin mai shayi, a cikin A-daidaita-sahu, a shagon tela da ɗakin kitso, har a ofisoshin gwamnati kafin shugaba ya iso, za a ji ana yanke wa shirin hukunci. Wannan ya ce marubucin ya fara jan labari, wancan ya ce yarinyar ba ta dace da matsayin da aka ba ta ba, wata kuma ta rantse ta daina kallo tunda aka raba masoyan da take so. Mako na zagayowa ita ce ta farko a gaban talabijin.

Irin wannan magana ba kasafai ake ba ta nauyi ba. Masu shirya fim kan kira ta surutun waɗanda ba su san wahalar aiki ba, masana kuma kan tsallake ta don ba a rubuce take cikin littafi ba. Amma duk wanda ya lura da yadda harkar wasan kwaikwayon Hausa ta juya cikin shekaru goma da suka wuce zai ga cewa wannan surutun ya zama ma'auni mafi ƙarfi da harkar take da shi. Yana ɗaga shiri yana kayar da wani, yana sa a karkatar da labari a tsakiyar tafiya, wani lokacin ma shi ke tayar da hukuma tsaye. Abin da ya kai wannan ƙarfi ya cancanci a tsaya a tantance inda yake da gaskiya da inda yake wuce gona da iri.

Yadda ɗan kallo ya samu baki

A zamanin da gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, da kuma bayan an haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin wasan kwaikwayo. A wannan gida ne jama'a suka san Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da Karambana na marigayi Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano, da Idon Matambayi a Sakkwato. Daga baya Gwamna Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, ita ma ta fito da nata wasannin. A lokacin akwatin talabijin ɗaya kan tara yaran unguwa guda. Mutane suna da ra'ayi, har ma da zafi, amma ra'ayin a zaure yake ƙarewa. Wanda abin ya dama ƙwarai shi ne zai zauna ya rubuta wa tasha wasiƙa, kuma ko an karanta ko ba a karanta ba, albashin ma'aikata bai dogara da ita ba.

Da finafinan bidiyo suka shigo, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai ra'ayin ɗan kallo ya koma aljihunsa. In fim ya yi masa ya sayi kaset ko ya karɓo haya, in bai yi masa ba kaset ya yi kwantai. Dillalan Ƙofar Wambai su ne ke kai wa furodusoshi labarin abin da kasuwa ke so, kuma da bakinsu aka yawaita rawa da waƙa, da shi kuma finafinan barkwanci na su marigayi Rabilu Musa Ibro suka cika gari. Duk da haka, fim ya riga ya kammala kafin ya isa hannun mai kallo. Ƙorafinsa sai dai ya amfani fim na gaba.

Satar fasaha da yaɗuwar wayoyin hannu sun durƙusar da kasuwar faifai. Ana cikin wannan hali tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta fito da Daɗin Kowa a 2015, shirin da ya ci kyautar AMVCA a rukunin Hausa a 2016. Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo baya a 2019. Shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya zaunar da mutane a gida, ta zo da Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya yi suna a YouTube. Daga nan kusan kowane furodusa ya koma shiri mai dogon zango.

A nan ne lissafi ya canza. Shiri mai dogon zango ana ɗaukar sa ne zango-zango, sau da yawa ana haska wani ana rubuta na gaba. Ke nan maganar da aka yi a majalisa ko aka rubuta a Facebook da daren Juma'a tana iya isa kunnen marubuci kafin ya kammala zangon da ke tafe. Ɗan kallo ya tashi daga mai jiran abin da aka dafa, ya zama mai leƙa tukunya tana kan wuta.

Babu sikeli, sai hayaniya

Dalili na biyu da ya ƙara wa wannan ra'ayi nauyi shi ne rashin wani ma'aunin da zai yi gogayya da shi. A Amurka kamfanin Nielsen yana auna yawan masu kallon talabijin tun 1950, a Ingila kuma hukumar BARB tana wannan aiki tun 1981. Tasha da mai talla duk suna iya duba alƙaluma su san gidaje nawa ne suka kalli shiri, su wane ne, kuma a wane minti suka canza tasha. Mai shirya wasan Hausa ba shi da irin wannan takarda a gabansa. Abin da yake da shi shi ne lambar da YouTube ke nunawa a ƙarƙashin bidiyo, da maganganun da ake rubutawa, da abin da yaransa suka jiyo a gari.

Wannan sikeli yana da tawaya babba, domin masu magana daban, masu kallo daban. Matar da ke ƙauye, wadda ɗanta ke kai wayarta shagon masu tura finafinai a zuba mata kashi goma a kan kuɗi kaɗan, ba ta cikin lissafin kowa. Gidan da mutum goma sha biyu ke zagaye waya ɗaya, mutum ɗaya aka ƙirga. Dattijon da ke kallo ta tauraron ɗan'adam a Maraɗi ko Damagaram, da 'yan zango a Kumasi, da Hausawan da ke zaune a Sudan da Saudiyya, da yawansu suna kallo ne su yi shiru. Waɗanda ake jin muryarsu galibi matasan birni ne masu data, kuma a cikinsu ma wanda ya fusata ya fi wanda ya gamsu saurin rubutu. Furodusan da ya ɗauki wannan hayaniya a matsayin muryar jama'a baki ɗaya yana iya juya shirinsa don ya faranta wa mutum ɗari, ya ɓata wa dubbai da ba su ce komai ba.

Inda 'yan kallo suke da gaskiya

Duk da wannan tawaya, akwai abubuwan da ɗan kallo ke gani sarai, kuma ba ya buƙatar digiri kafin ya gan su. Na farko shi ne jan labari. Ƙorafin da aka fi ji a kan shirye-shirye masu dogon zango shi ne a shafe kashi uku ana abin da fitowa biyu za ta wadatar: a nuna mota tana fita daga gida, a nuna ta a kan titi, a nuna maigadi yana buɗe ƙofa, sannan a zauna a falo a maimaita maganar da aka riga aka yi a makon jiya. Wannan yana da tushe a yadda kuɗi ke shigowa. YouTube ba ya fara biyan tasha kuɗin talla sai ta tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, yana ba mai bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya sanya wa talla a tsakiya. Tallar da aka nuna wa mai kallo a Najeriya kuma kuɗinta bai kai na wadda aka nuna a ƙasashe masu arziki ba. Saboda haka kowane ƙarin kashi ƙarin kuɗin shiga ne, kuma jarabar tsawaita labari a fili take. Uzuri ne da za a iya fahimta, amma ba ya sauya abin da mai kallo ya ji a ransa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Na biyu shi ne talla da ake cusawa har ta shaƙe labari. Babu mai musun cewa shiri yana buƙatar masu ɗaukar nauyi. Amma idan aka yanke fitowar da uwa ke kuka a kan gawar ɗanta don a tallata maganin gargajiya ko filayen sayarwa, mai kallo yana da hujjar jin an raina shi.

Na uku shi ne kurakuran sana'a. A cikin masu kallo akwai lauyoyi da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da malaman makarantun allo. Su ne ke lura idan an nuna alƙali ya yanke hukuncin kisa a zama ɗaya, ko likita ya duba ido kawai ya bayyana cutar da sai an yi gwajin jini, ko an raba gado ba bisa ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani ba. Wannan ya wuce abin dariya, domin akwai mutane da yawa da ba su taɓa shiga kotu ba, abin da suka gani a fim shi ne iliminsu game da ita. Shirin da ya koya wa mace cewa haƙƙinta a kotu kaza ne alhali ba haka ba ne, ya cutar da ita.

Na huɗu shi ne rayuwar da ake nunawa. Mai kallo yana gane gidan alfarmar da aka ara aka yi shiri uku a cikinsa, yana kuma tambayar dalilin da ya sa kusan kowane labari sai ya faɗa gidan attajiri mai kamfani. Wani ɓangare na farin jinin Daɗin Kowa ya samo asali ne daga yadda mutane suka ga unguwarsu a ciki: Kamaye da Adama da rigingimunsu na talauci, Malam Nata'ala da almajiransa, matasan da ƙwaya ta lalata, da zaman Musulmi da Kirista a gari ɗaya.

Sannan kada a manta ɗan kallo yana biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta don a kalli shiri ya zama hidima. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wanda ya rage kuɗin cefane ya sayi data don ya kalli awa ɗaya, aka ba shi labarin minti goma sha biyar da tarin talla, bai yi laifi ba idan ya yi ƙorafi. Masu shirya fim da ke mayar wa irin wannan mutum martani da cewa in ya isa ya yi nasa, suna tabbatar da karin maganar da ke cewa wanzami ba ya son jarfa. Sana'ar da ta ginu a kan nuna wa jama'a aibinsu ba ta da hurumin fushi don an nuna mata nata.

Barkwanci da iyakarsa

A wasan barkwanci ra'ayin ɗan kallo ya fi ko'ina gaskiya, domin dariya ba a yin ta don kara. Ko dai abin ya ba da dariya ko bai bayar ba. Sai dai a nan ma akwai hukuncin da ake yankewa cikin gaggawa, wato a kira duk abin da ya ba da dariya shirme. Samanja ya shafe shekaru yana ba mutane dariya da rayuwar bariki da Hausarsa mai gauraye da Turanci, a lokacin da sojoji ke mulki kuma ba kowa ke iya taɓa su ba. Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni kuma Magaji Mijinyawa ya fito a matsayin attajirin, dariya ce daga farko har ƙarshe, amma abin da ke ƙarƙashinta shi ne auri-saki, da tara 'ya'ya ba tare da tarbiyya ba, da yadda zuri'a ke zaman jiran gado tun mai dukiya yana numfashi. Maganar da za ta yi nauyi a faɗa wa dattijo ido da ido, barkwanci ya shigar da ita falonsa yana dariya.

A gefe guda, masu kallon da ke ƙorafi a kan barkwancin da ya dogara da yi wa mai in'ina ko gajere ko mai taɓin hankali ba'a suna da hujja. Haka ma masu cewa an mayar da baƙauye da Bafulatani abin dariya na dindindin. Al'adar Hausa ta san wasa tsakanin ƙabilu da garuruwa, kamar na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarbawa. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: kowa yana da bakin ramawa, kuma a gaban juna ake yi. A allon talabijin ɓangare ɗaya ne ke magana, ɗayan yana zaune a gida 'ya'yansa na kallo. A lokacin da matsalar tsaro ta riga ta sa ana yi wa wasu al'ummomi kuɗin goro, marubucin barkwanci yana bukatar ya auna abin da yake ƙarawa a kan wutar.

Inda ake wuce gona da iri

Matsala tana farawa ne daga inda ɗan kallo ya tashi daga faɗin abin da ya gani ya koma ba da umarnin abin da za a rubuta. Masu bibiyar Labarina ba za su manta da irin ƙurar da ta tashi ba lokacin da Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, ya mutu a cikin labarin, da kuma lokacin da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya bayan ficewar Nafisat Abdullahi. Wannan zafin rai shaida ce cewa shirin ya shiga zukatan mutane, kuma kowane marubuci zai so ya samu irinsa. Amma da za a riƙa bin abin da masu kallo ke nema a irin wannan lokaci, babu mutumin kirkin da zai mutu a fim, babu masoyan da za su rabu, babu azzalumin da zai kai kashi na biyar bai tuba ba. Labarin da aka rubuta da ƙuri'a ba ya ba kowa mamaki, kuma waɗanda suka nemi a yi hakan su ne za su fara cewa ya yi lami. Kwana Casa'in ba zai faɗi komai game da siyasar ƙasar nan ba in da babu Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, yana tafka abin da yake tafkawa a jihar Alfawa.

Wuce gona da iri na biyu shi ne kasa raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Tun zamanin Samanja da Karkuzu sunan wasa kan danne na yanka, kuma wannan alama ce ta ƙwarewa. Amma akwai bambanci tsakanin a kira mutum da sunan wasansa da a zage shi a kasuwa don ya fito a matsayin mugu. Mata 'yan wasa su suka fi ɗanɗana wannan. Ƙorafin da ya fara a kan yadda jaruma ta taka rawa yakan zarce zuwa aurenta da iyayenta da mutuncinta, daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin ta ido da ido ba. Addini da al'ada duk sun hana ƙazafi, kuma kasancewar mutum yana fitowa a talabijin bai halatta naman jikinsa ba.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne saurin tsallakawa daga “bai yi mini ba” zuwa “a hana shi”. Yanzu ana yanko daƙiƙa talatin daga shirin awa guda a watsa a WhatsApp da TikTok, mutanen da ba su san abin da ya gabata ko ya biyo baya ba su yi ta kiran hukuma. A Arewa irin wannan kira ba ya faɗuwa ƙasa banza. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar finafinai a Kano bayan suka mai zafi daga malamai da jama'a. A 2020 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ba da umarnin dakatar da haska Kwana Casa'in da Gidan Badamasi a kan wasu fitowa da ta ce sun saɓa ƙa'ida. A watan Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta tace ba.

Doka doka ce. Hukumar tana nan tun 2001, kuma furodusan da ke aiki a Kano ba shi da hujjar tsallake ta. Damuwar iyaye game da abin da 'ya'yansu ke kalla ita ma damuwa ce ta gaske. Abin da ake gudu shi ne ya zama yawan hayaniya ne ke nuna wa hukuma inda za ta sa hannu, maimakon rubutacciyar ƙa'idar da kowa ya sani tun kafin ya kunna kyamara. Kowane shiri da aka tsayar, akwai masu ɗaukar hoto da masu haske da masu kwalliya da direbobi da masu dafa abinci da abincinsu ya tsaya tare da shi. Kuma mai kallo ba ya kashe waya don an dakatar da shirin Hausa. Yana komawa ne ga finafinan Indiya da aka fassara, da na Turkiyya da Koriya, da gajerun bidiyoyin TikTok, waɗanda babu wata hukuma a Kano da ta ga rubutunsu. Wanda ya nemi a rufe na gida don kare tarbiyya yana iya wayar gari ya ga ya buɗe wa abin da ya fi shi ƙofa.

Abin da ya kamata a yi

Nauyi na farko yana kan masu shiryawa. Marubucin da ya san ƙarshen labarinsa tun kafin a fara ɗauka ba ya rawa da kowace iska. Ya kamata ya zama al'ada a kammala rubutun zango, a san yawan kashinsa, a kuma sanar da masu kallo. Kafin a ɗauki fitowar kotu ko asibiti ko rabon gado, a nemi lauya ko likita ko malami ya duba. Wannan ba ya cin kuɗin da ya kai na hayar mota ɗaya ta alfarma. Game da ƙorafe-ƙorafe kuwa, akwai hanya mai sauƙi ta tacewa. Idan mutane da yawa suka ce sun gaji a wuri kaza, ko ba su gane dalilin da ya sa wane ya yi kaza ba, to akwai gyara a wurin, domin ruwa ba ya tsami banza. Idan kuwa cewa suka yi a aurar da wance ga wane, an gode da shawara, amma wannan aikin marubuci ne. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Tashoshi da kamfanonin da ke ba da talla su ma suna da abin yi. Su ne suka fi kowa buƙatar sanin wane ne ke kallo. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna da sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo, da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Haɗin gwiwar da zai riƙa fitar da sahihin bincike ko da sau biyu a shekara, wanda zai shiga ƙauyuka ya kuma ji ta bakin matan da ke cikin gida, zai amfani kowa. Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun 2024, tana da matsayin da za ta iya haɗa waɗannan ɓangarori a teburi ɗaya.

Kafafen yaɗa labarai na Hausa su ma ba su fita ba. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta nuna cewa ana iya bin wannan harka da aikin jarida na gaske, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun shafe shekaru suna nazarin ta. Amma abin da ya fi yawa a shafukan nishaɗi a yau shi ne wa ya yi aure, wa ya sayi mota, wa ya yi wa wa habaici. Filin sharhi na mako-mako, wanda zai ɗauki shiri ya duba labarinsa da harshensa da aikin kyamararsa cikin adalci, zai ba masu kallo kalmomin da za su bayyana abin da suke ji, ya kuma ba furodusa sukar da zai iya aiki da ita.

Hukumar tace finafinai kuma ta wallafa ƙa'idojinta da Hausa a inda kowa zai gani, ta ware shirye-shiryen da suka dace da yara da waɗanda na manya ne, ta buɗe hanyar karɓar ƙorafi wadda za ta tilasta a kalli shirin gaba ɗaya a kuma ji ta bakin mai shi kafin a yanke hukunci. Tsarin tacewar ma ya dace da saurin shirin da ke fita duk mako, don kada bin doka ya zama sanadin karyewar mai bin ta.

Shi kuma ɗan kallo, babu mai neman ya yi shiru. Abin da ake nema shi ne ya kalla kafin ya yi magana, ya faɗi abin da bai yi masa ba da dalilinsa, ya bar iyalin ɗan wasa a gefe, ya kuma tuna cewa zaɓen abin da yara za su kalla a cikin gida aikin uba da uwa ne kafin ya zama aikin wata hukuma. Shirin da ya yi kyau a yabe shi da sunansa, a kalle shi ta hanyar da mai shi zai samu kuɗinsa, domin shirin da aka yaba da baki aka kalla ta hanyar sata ba zai kai zango na gaba ba.

Harsuna kaɗan ne a Afirka suke da masu kallo da yawa da kishi irin na Hausa, waɗanda za su yi fushi don an kashe mutumin da bai taɓa wanzuwa ba. Wannan jari ne da kuɗi ba ya saye. Ya rage ga masu shiryawa su koyi sauraron waɗannan mutane ba tare da sun sakar musu ragamar labari ba, ya kuma rage ga hukumomi su tabbatar cewa ƙa'ida ce ke yanke hukunci, ko da kuwa hayaniya ta kai ko'ina.